Wayar Da Muka Ɓoye Wa Wanzami

Assalamu alaikum. Sunana Hajara, ina zaune a Unguwar Shanu, nan Kaduna. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takardu a ma'aikatar gwamnati kafin in yi ritaya, kullum maganar wasu nake bugawa. Wannan karon tawa ce, kuma da ma Allah bai ba ni dalilin rubuta ta ba. Na rubuta ne saboda masu jinyar mai ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Fakinson, musamman waɗanda aka ba shawarar a sa wa mara lafiyarsu waya a ƙwaƙwalwa, da waɗanda an riga an sa. Mu shekara bakwai muka yi da ita. Mun ga alherinta, mun kuma yi kuskuren da har in koma ga Allah ba zan daina jin sa a ƙirjina ba.

Mijina alaramma ne. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa, haka ma unguwa. Yana karantar da magidanta a zaurenmu, amma abin da aka fi sanin sa da shi hannu ne. Da ka yake rubuta Alƙur'ani, izu sittin cif, da alƙalamin kara da yake feƙewa da kansa. Kafin ciwo ya rubuta uku. Na farko ya kai wa malaminsa, na biyu ya ba masallacin garinsu, na uku ya ba yayansa, Alhaji Mamman na Kinkinau. Ni kuwa tun satin da aka kawo ni gidansa ya yi mini alkawarin zai rubuta mini nawa. Ni ce mai dafa masa tawada, in jiƙa bagaruwa, in tafasa, in tace, in sa ƙaro, har farcena ya rine ana tsokanata a ofis. Duk sanda ya kammala ɗaya aka sa a gafaka aka fita da shi, sai in ce, "To, an kuma. Mai dafa tawada dai ta tashi a tutar babu." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Sakatariya, naki sai hannu ya gama faɗawa. Waɗannan duk gwaji ne." Ku riƙe wannan tsokanar tawa, don za ta dawo a gaba.

Ciwon a babban yatsansa na dama ya fara. Yana zaune sai ka ga yatsan yana motsi kamar mai jan carbi, alhali babu carbi a hannun. Daga nan rubutunsa ya fara ƙanƙancewa, ya faro layi da girmansa, kafin ya kai ƙarshe sai da tabarau. Fuskarsa ta daina motsi, mutane suka dinga tambayata ko fushi Malam yake yi da su. Shawara kuwa, mun sha ta har mun ƙoshi. Yaya Mamman ya ce hannu ne aka sa masa don hassada, wata maƙwabciya ta ce yawan shayi ne, wani ya kawo saiwa a cikin gora, wani ya kawo turare. Duk mun gwada, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Wata uku muka jira kafin mu ga likitar ƙwaƙwalwa. In ranar ta zo, ana idar da asuba muke fita, in ajiye katinsa a layi, mu zauna a benci har azahar, wani lokaci kuma a leƙo a ce likita ta tafi taro. Ƙwayoyin da aka ba shi sun riƙe shi 'yan shekaru, ba zan yi musu butulci ba. Bayan nan sai suka fara ha'inci. Ya sha, ya samu awa biyu yana mutum, sai jiki ya sandare. In an ƙara yawansu kuma jikin ya kama murɗe-murɗe, kafaɗa da wuya kowa na gabansa. A shekara ta tara ya naɗe takardunsa, ya kife kurtun tawada, ya ce in ɗauke su daga inda idonsa zai gan su.

Likitarsa ce ta fara gaya mana akwai aikin da ake yi a waje. Wani tsohon ɗalibin Malam da Allah ya buɗa wa ya ɗauki kaso mai yawa, ni na sayar da filina na Mando na haɗa da kuɗin sallamata. Ba zan kawo lissafi ba, wanda ya je ya sani. Muka tafi Indiya, ni da shi da 'yarmu Nafisa, ita kaɗai Allah ya bar mana.

Ga yadda abin yake, don mai karatu ya gane. Siraran wayoyi ake zurawa cikin ƙwaƙwalwa ta saman kai. Sai a bi da waya ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne, ta gangaro ta wuya, ta haɗu da wani batir kamar kwalin ashana da ake binnewa a ƙirji. Ba a ganin komai daga waje, amma in ka shafa bayan kunnen za ka ji ta a miƙe. Likitan can ya gaya mana abu uku, ni kuma sakatariya ce, na rubuta su a littafina. Na ɗaya, wannan ba warkarwa ba ce, ciwon zai ci gaba da tafiyarsa ta ƙarƙashi. Na biyu, kada a bar batir ya mutu. Na uku, a kiyaye fatar da ke kan wayar, kada ƙarfe ya taɓa ta, in kuwa ta yi ja ko ta fara ruwa, a ranar za a tafi asibiti, ba washegari ba. Da hannuna na ja layi biyu a ƙarƙashin na ukun.

Ranar da aka kunna na'urar ina zaune a gabansa. Hannun da ya shekara tara bai huta ba ya lafa a kan cinyarsa, ya tsaya cak. Malam ya daɗe yana kallon sa. Sai ya miƙa wa Nafisa hannu ya ce ta ba shi biro, ya juya takardar asibiti ya ja layi ɗaya a bayanta, miƙaƙƙe, da girmansa har ƙarshe. Na yi kuka har ma'aikaciyar ta kawo mini ruwa.

A cikin jirgi muna dawowa ya kafa mana sharaɗi. Ya ce, "Kada wanda ya ji zancen wayar nan. Na san mutanenmu. Gobe za a ce inji ne yake rubuta Alƙur'ani, ba ni ba." Nafisa ta ce, "Baba, ko Baba Alhaji?" Ya ce, "Shi ne ma na farko. In ya ji, Kinkinau ta ji." Muka yi dariya muka amince. Da muka iso aka yi walima, aka yanka rago, kowa ya zo ya ga hannu, ana cewa Malam ya warke. Muka ce aiki aka yi masa a kai, aka dace. Ilu wanzami, wanda ya shekara talatin yana yi masa aski duk Juma'a, muka ce masa fatar kan Malam ba ta son aska tun bayan aiki. Ni na koma yi masa da inji a ɗaki. Ilu ya ji haushi, na gani a fuskarsa, amma bai fasa zuwa gyaran gemu da hira ba.

Shekara huɗu muka samu masu daɗi, kuma ina gode wa Allah da su, ina gode wa duk wanda ya sa hannu. Malam ya koma cin abinci da kansa, ya koma ɗaura rawaninsa. Wahalar cajin batir ce kawai, don wutarmu kun san halinta, sai da muka sa 'yar sola saboda shi. Cikin shekara biyu ya rubuta na huɗu, ya ba ɗalibin nan da ya kai mu. Bakina bai mutu ba, na ce, "Wannan ma gwaji ne?" Ya ce, "Shi ne sanadin hannun, Sakatariya. Dafa sabuwar tawada, naki ne a gaba." Ranar har rawa na taka a kicin, ni da jikoki.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Murya ce ta fara tafiya. Mutumin da in yana karatu a zaure mai shago a bakin titi yake ji, sai ga shi kalmominsa suna hawa kan juna, sautin yana shigewa ciki. Ɗalibai suka dinga matsowa, suna kara kunne, daga baya suka fara raguwa da ɗai-ɗai, cikin ladabi, kowa da uzurinsa. Ya daina jan salla. Muka koma wurin likitarsa, ta kira na Indiya ta bidiyo, suka yi ta gyara ƙarfin na'urar. In an rage, murya ta ɗan dawo, hannu ya kama rawa. In an ƙara, hannu ya tsaya, harshe ya yi nauyi. Gaba kura, baya sayaki. Likita ta ce, "Malam, kai za ka zaɓa." Bai ko kalle ni ba, ya ɗaga hannun dama ya nuna mata.

Bayan murya sai ƙafa. Yana tafiya lafiya, da ya zo bakin ƙofa sai ƙafafun su manne da ƙasa, jiki ya yi gaba su suna baya. Sau uku yana faɗuwa a shekara ɗaya, har ya fasa gira. Ruwa ya fara sarƙe shi. Hali ma ya taɓu, wannan kuwa ya fi yi mini ciwo. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya koma mai saurin fushi, ga kwaɗayin zaƙi kamar yaro, ina ɓoye sukari yana nemowa. Wani lokaci kuma ya wuni bai ce uffan ba. Na tambayi likita ko na'urar ce ko ciwon, ta ce duka biyun suna da hannu, ba ta iya raba su. Mutanen waje suna ganin hannu a tsaye suna cewa Malam garau, ni kuwa mai ɗaki ni na san inda yake yoyo.

Hannun kaɗai ya rage masa, shi kuma ya zuba shi gaba ɗaya a kan nawa. Rubutun ya yi nauyi, don gajiya take kama shi da wuri, amma kyansa ya fi na duk waɗanda suka gabata. A shekara ta bakwai da aiki ya kai izu hamsin da bakwai. Saura uku.

A lokacin ne wuyansa ya riƙe, yana kukan ciwo a ƙeya. Yaya Mamman ya zo dubiya ya ce mataccen jini ne, ƙaho kawai yake so. Na ce likita ta hana. Nafisa ma ta ce haka. Ya ce, "Ku da likitocinku. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Ranar wata Asabar na tafi Mando ta'aziyya. Na dawo bayan la'asar na tarar da Ilu a zaure yana mayar da ƙahonni cikin zabira, Yaya Mamman yana gefe yana murmushi, Malam a zaune kansa a sunkuye, babu rawani. Ilu ya ce, "Hajiya, sannu da dawowa. Ai na samo ta. Jijiya ce ta kumbura tun daga bayan kunne har gindin wuya, ta yi tauri kamar igiya. Shekara nawa ina sana'ar nan ban ga irinta ba. A kanta na yi tsaga, na kafa ƙaho biyu."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Sannu da aiki, Malam Ilu." Na shiga ciki na aiko musu da ruwa da goro. Ko a wannan lokacin sirrin Malam na riƙe.

Da suka tafi na rufe shi da faɗa, ban taɓa yi masa irinsa ba. Sai da na kara kunne a bakinsa na ji amsar. Ya ce, "Na ce a bari, ba su ji ni ba. Na so in faɗa musu, na ji nauyin Yaya."

Satin farko tsagar duk ta bushe, ban da guda ɗaya a bayan kunne. Na ce mu je asibiti, ya ce a ɗan gani. Sati na biyu wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, na fara ganin tabo a jikin matashi da rawani. Na ɗauko littafina na buɗe masa inda na ja layi biyu. Ya karanta, ya rufe, ya riƙe hannuna.

Ya ce, "In mun je, cirewa za su yi."

Na ce, "Su cire mana, Malam. Rai ya fi."

Ya ce, "In sun cire, hannu ya tafi. Saura uku. Ki ba ni sati shida."

Na ce wallahi ba zan iya ba. Sai ya ce, "Naki ne fa, Sakatariya. Shekara talatin da takwas kina jira."

Zan iya cewa biyayya ce ta sa na yarda, kuma duk wanda na gaya wa haka zai karɓa. Amma na yi niyyar faɗar gaskiya a rubutun nan. Ina son littafin. Ina so in ɗauke shi a gafaka in ce wannan nawa ne. Na ce a raina sati shida ba shekara ba ce. Na je kemis na sayo kafso, na dinga wanke wurin da ruwan gishiri ina shafa zuma, in naɗa masa rawani ya sauko har wuya.

Sati na uku wurin ya yi kamar zai bushe, ya kuma gama izu ɗaya. Har na fara cewa ashe likitoci ma da tsoratarwa. Sati na huɗu ina wankewa da safe sai raunin ya buɗe baki, na hango wani abu siriri yana ƙyalli a ciki. Wayar ce, da idona na gan ta. Na shiga kicin na toshe bakina da gyale na yi kuka mai isata. Da na gama na wanke fuska, na duba kurtu na ga tawada ta yi ƙasa, na ɗora tukunya na dafa masa wata.

Tun daga hantsi har azahar yake rubutu, gumi yana tsattsafo masa, ba ya ko ɗagowa. Sati na biyar ya gama izu na biyu. A satin ne kumburi ya gangaro ƙirji, fatar kan batir ta yi ja tana sheƙi, saman kansa ma in na taɓa sai ya zabura. Zazzaɓi ya fara zuwa da yamma. Ina ba shi maganin zazzaɓi ina lissafin kwanaki, ina roƙon Allah ya ara mana sati biyu.

Ranar Lahadi Nafisa ta zo. Ta durƙusa gaishe shi, sai na ga ta ɗago tana shinshina. Kafin in yi magana ta ɗaga gefen rawanin. Ba ta yi ihu ba. Ta ja ni tsakar gida ta ce, "Umma, tun yaushe?"

Na ce, "Sati biyar."

Ta ce, "Sati biyar? Umma, ke fa kika rubuta. Ina zaune kika ja layi."

Na ce, "Saura izu ɗaya, Nafisa."

Ta kalle ni irin kallon da ɗa ba ya yi wa uwa, ta ce, "To ki ajiye shi, ki karanta masa a kabari." Ba ta faɗi abin da ban gaya wa kaina ba.

A ranar muka kai shi asibiti. Babu gado, a kan benci aka sa masa ruwa, sai washegari da rana aka samu wuri. Yaya Mamman ya iso yana tambayar me ya haɗa ƙaho da asibiti, Nafisa ta gaya masa komai a tsaye a baranda. Dattijo ya dafa bango ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Waya? Shekara bakwai a kan ƙanena, ni ban sani ba? Hajara, da ni za ku yi haka? Ni na kawo wanzamin nan da ƙafata." Daga nan sai ya kama salati.

Likitarsa ta zo ta duba, ta tambaye ni kwana nawa, na faɗa. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Hajiya, wayar nan titi ce, daga wannan raunin har tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma babu shinge ko ɗaya a kanta." Ta ce a wuce da shi Abuja inda mai aikin yake, a cire komai. Malam ya yi alama a ba shi biro. Ya rubuta a bayan katinsa, da wannan kyakkyawan hannun, "Sati biyu." Ta karanta, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam, ko kwana biyu ba ni da su."

A Abuja ya ƙi sa hannu a takardar aiki. Aka yi lallashi, Yaya Mamman ya yi, ya kawar da kai. Kafin yamma zazzaɓi ya hau, ya fara kiran sunan malaminsa da ya rasu tun da daɗewa. Aka miƙo mini takardar. Ni na sa hannu aka cire. Ana tura shi ya buɗe ido ya kalle ni, ban san ko ya gane ni ba, kuma har yau ban iya tambayarsa ba.

Allah ya yi da sauran kwana, cutar ba ta gama shiga ciki ba. Amma abin da likitan Indiya ya faɗa na ɗaya, a ranar na gane shi. Duk tafiyar da ciwon ya yi ta ƙarƙashi a shekara bakwai, a wuni ɗaya ta fito fili. Jikinsa ya sandare kamar katako, sai mutum biyu suke juya shi. Hannun dama ya dawo da rawarsa har gadon yana amsawa. Haɗiya ta gagara, aka zura masa roba ta hanci. Sati shida ana yi masa allura ta jijiya, har aka rasa inda za a soka. Akwai ma'aikaciyar da take zuwa ta juya shi ko ba aikinta ba ne, tana ce masa Baba, Allah ya saka mata da Aljanna. Akwai kuma wadda ta ce mini a gaban mutane, "Ku ne masu ajiye mara lafiya a gida sai ya ruɓe." Na ji zafinta, amma ban ga inda ta yi ƙarya ba.

Wata biyu muka yi muka dawo gida. Aka ce in wuri ya warke, bayan wata shida za a duba ko za a sake sawa. Da wannan maganar na rayu. Na fara cigiyar mai sayen gidan gadonmu, na ce ko bara ce zan yi. Da wata shidan ya cika aka gwada tunaninsa da haɗiyarsa, likita ta zaunar da ni ta ce aikin ba zai amfane shi ba yanzu, zai ma iya ƙara masa wahala. Na sauka daga kujera na durƙusa mata. Na ce ba shekara nake roƙo ba, a sa masa ko ta sati biyu ce a cire. Ta kama ni ta ɗaga, ta ce, "Hajiya, ba a yin haka."

Ilu ya zo wata Juma'a, bai shigo da zabira ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana kallon Malam, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Hajiya, shekara talatin kan mutumin nan yana hannuna, ban taɓa ƙwarzanar sa ba. Kalma ɗaya fa. Da an ce mini Ilu, akwai abu a nan, wallahi ko da bindiga ba zan taɓa ba. Ni da nake shiga gidajen mutane, sirrin wa na taɓa fitarwa?" An ce tun ranar bai sake kafa wa kowa ƙaho ba.

Don haka ga abin da nake roƙon ku. In an sa wa naku wannan na'ura, ku gode wa Allah, tana aiki, mu shaida ne. Amma kada ku yi walimar warkewa, don ciwon yana nan. Ku shirya wa ranar da murya ko ƙafa za ta fara tafiya. Kada ku ɓoye. Ku gaya wa wanzami, ku gaya wa mai tausa, ku gaya wa yayan da ba a iya yi wa musu. In fata ta yi ja, ku tafi a ranar, ko mara lafiyar zai yi fushi da ku har abada. Ni na ji tsoron fushinsa, na kuma bi son raina, ga shi yanzu ko fushin ma ba ya iya yi.

Yau wata goma ke nan da cire wayar. Yana kwance a ɗakin da yake rubutu, ina ba shi kunu da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Yakan yi kwana huɗu, biyar, ban ji kalma daga bakinsa ba. Wani alaramma abokinsa ya ce a ba shi takardun ya cike izun da ya rage, hannunsu ya yi kama. Na gaya wa Malam, ya rufe ido bai buɗe ba har na fita. Ban bayar ba, ban kuma ce ba zan bayar ba. Izu hamsin da tara suna nan a gafakar da na saya tun kafin ƙaho. Abin da ya rage gajerun surorin nan ne na ƙarshe, waɗanda kowane yaro yake farawa da su.

Kullum da hantsi nakan zauna kusa da kansa in karanta masa izu ɗaya daga rubutunsa. Ban san ko yana bi ba, idonsa a rufi yake. Shekaranjiya na kai takarda ta ƙarshe. Na karanta har inda tawada ta tsaya, ƙasan takardar fari fat. Hannunsa yana ta bugun katifa. Sai na ci gaba da ka.

Na yi nisa, kuka ya ci ƙarfina, na tsallake aya ban sani ba. Sai na ji wani sauti. Na ɗago na ga idonsa a kaina, leɓɓansa suna motsi. Na kara kunne a bakinsa, ya daɗe yana kokawa da harshen kafin ta fito.

Ya ce, "Koma."

Na share fuskata, na koma farkon surar.